Yadda za ka rage zafin fikof ɗin jita ba tare da ka sayi sabo ba

Jitocin lantarki da dama da ke shigowa Sakkwato, na gwanjo ne ko sababbi masu araha, suna zuwa da fikof, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya, irin wanda aka yi domin kiɗan rok mai ruri. Makaɗinmu kuwa, na gidan biki ne, na coci ne, ko mai bin salon Abzinawa irin na Agadas da Tawa, so yake kowace tsirkiya ta fito da muryarta daban. Sai ka ji yana cewa, "Jitar ga ta cika zafi, ko na taɓa ta a hankali sai ta fashe." Wani zai ce masa sai dai a sauya fikof. Sau da yawa ba sai an kai nan ba. Sukundireba ɗaya da 'yan kayan gyaran rediyo sun isa, muddin an bi abin daki-daki, an fara da gyaran da ba ya cin ko kwabo kuma ana iya mayar da shi yadda yake, kafin a kai ga yanke waya.

Daga ina zafin yake zuwa

Fikof maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai. Tsirkiya ta motsa a samansa, wayar ta haifar da ɗan lantarki, amfilifaya ta ƙara shi. Abu uku ke sa lantarkin nan ya yi yawa: yawan naɗin waya, ƙarfin maganaɗisu, da kusancin fikof da tsirkiya. Na ukun yana hannunka yanzun nan.

Fikof mai kwayil ɗaya, wato dunƙulen naɗin waya ɗaya, irin na tsohuwar jitar Stratocaster yana nuna juriya wajen 6k, wato om dubu 6, a mitar awon lantarki. Mai kwayil biyu, wato hambaka, irin wanda Seth Lover ya ƙera wa Gibson a 1955, yana tsakanin 7k da 9k. Masu zafin sun zo daga baya: Super Distortion na DiMarzio, wanda ya fito a 1972 da maganaɗisun siramik, ya kusa 14k, JB na Seymour Duncan kuma wajen 16k. An yi su ne da gangan domin su cika bakin amfilifaya har sauti ya tsage. Masu kwaikwayonsu da araha sukan ɗauki zafin su bar daɗin.

Yawan naɗi ba ƙara kaɗai yake ƙarawa ba, yana kuma danne kaifin sauti ya tura nauyi tsakiya. Shi ya sa fikof mai zafi kan yi kauri, ka haɗa tsirkiya uku ko huɗu su cakuɗe ba ka rarrabe su. Dogon kebul yana ƙara dagula lamarin, domin kowace mita ɗaya ta kebul tana da wajen fikofarad 100 da ke shanye kaifi. Kebul mai mita 10 a kan fikof mai 16k duhu ne kawai.

Ka auna naka. Soka kebul a jita, buɗe bolum har ƙarshe, sa makunnin zaɓi a kan fikof ɗaya, juya mita zuwa 20k, ɗora tsinke ɗaya a kan bakin fulogi ɗaya kuma a jikinsa. Abin da za ka gani zai ɗan gaza na gaskiya saboda bolum yana cikin layin: fikof mai 16k da bolum mai 500k zai nuna kusan 15.5k. Ka kuma tuna da garin da kake. Juriyar tagulla tana hawa kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri ɗaya na zafi, kuma alƙaluman masu ƙera fikof na ɗaki mai sanyi ne. Da ranar watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, fikof mai 8k zai iya nuna maka 8.6k alhali lafiyarsa lau. Lambar dai manuniya ce kawai, ba ita ce ƙarfin sautin ba, domin waya mafi siranta tana ba da lamba babba ko da naɗin bai fi yawa ba.

Kafin ka taɓa komai, ka saurara ka gane wace cuta ce. Sauti yana fashewa idan ka buga da ƙarfi? Ko kauri ne ya yi yawa? Ko tsini ne mai huda kunne? Ko kuwwa yake yi da zarar an ɗaga ƙara? Makaɗa duk "zafi" suke kiran su, amma maganinsu ba ɗaya ba ne, kuma maganin kauri yana ƙara tsini, maganin tsini yana ƙara kauri.

Ka fara duba inda kake soka kebul

Wani lokaci jitar ba ta da laifi. Amfilifaya mai rami biyu irin ta Fender, ramin da aka rubuta 2 ko Low yana rage lantarkin da rabi, wato desibel 6. Ya dace da irin wannan fikof ɗin. Idan a miksa kake shiga, kamar yadda aka saba a wurin biki, maɓallin gen na can saman layinka, mai saita ƙarfin sautin da ke shigowa, shi ne abin dubawa, ba na turawa da ke ƙasa ba. Buga jitar da iyakar ƙarfin da za ka buga a fili, mai miksa ya riƙa rage gen har jar fitilar ta daina ƙiftawa. In akwai maɓallin Pad ya danna, galibi yana rage desibel 20. Sautin da ya fashe tun a bakin miksa, ba abin da zai gyara shi a gaba.

Ramin layi na miksa yana da juriya wajen 10k, fikof kuwa yana son wajen 1M, wato om miliyan ɗaya. Idan ka haɗa su kai tsaye, kaifi ya mutu, sai mai miksa ya ƙara tirebul da gen, ga tsini ga huci. Feda ɗaya, irin ta sauya sautin jita da ake takawa da ƙafa, a tsakani tana warware wannan. Fedojin Boss suna da bafa, wato abin da ke daidaita juriyar nan biyu, da ke aiki ko fedar tana kashe, muddin akwai batir ko wuta. In fikof ɗinka mai batir ne irin na EMG, ka fara sauya batirin mai bolt 9, domin idan ya yi sanyi sauti yakan tsage. Irin wannan fikof saukar da shi da rage bolum kawai za ka yi, dabarun waya da ke ƙasa ba nasa ba ne.

Saukar da fikof

Nan ne mafi yawan aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi yin gaggawa. Kana buƙatar sukundireba mai baki daidai da sukurun, da rula mai milimita. In babu rula, makullan alanki masu 2 da 2.5 da 3 sun fi ta sauƙin aiki, domin zura su kawai za ka yi tsakanin tsirkiya da fikof.

Danne tsirkiya mafi kauri a kan firet na ƙarshe, wato ƙarfen ƙarshe cikin waɗanda ke gicce a wuyan jita, ka auna daga ƙasan tsirkiya zuwa kan ƙarfen fikof. Yi haka ga mafi siranta. Rubuta lambobin nan huɗu, biyu na fikof ɗin wuya biyu na wanda ke kusa da jaki, wato abin da tsirkiyu ke hawa a jikin jita, domin ka san inda za ka koma. Kamfanoni sukan fara daga milimita 1.6 zuwa 2.4. Ga fikof mai zafi, ka kai gefen kauri milimita 3 zuwa 3.5, gefen siriri 2.5 zuwa 3, daga nan kunne ya ci gaba da aiki.

Ɓangaren da za ka juya ya danganta da yadda aka ɗaura fikof ɗin. Wanda ke rataye a zoben roba ko a farantin gaban jita, juya sukuru hagu yana saukar da shi. Wanda aka ɗaure kai tsaye a jikin katako, da soso a ƙarƙashinsa, juyawa dama ce ke saukar da shi. Rabin juyi a kowane gefe, ka buga abin da ka saba bugawa da ƙarar da ka saba, sannan ka ƙara. Kada ka yi juyi biyar a tashi ɗaya, kunnenka ba zai gane inda daɗin ya tsaya ba. A kan irin na rataye, idan ka ci gaba da kwancewa sukurun zai fita daga zarensa, fikof ya faɗa cikin rami, sifirin ya yi tsalle, sai ka cire tsirkiyu kafin ka mayar. Da ka ji sukurun ya fara sakin jiki a hannunka, tsaya.

Abin da za ka ji shi ne fashewar nan ta farkon bugu ta lafa, bes ya daina rufe sauran, kuma sauti ya fi daɗewa kafin ya mutu. Dalilin na ƙarshen shi ne maganaɗisu yana jan tsirkiya. Idan ya matso da yawa, musamman mai kwayil ɗaya na wajen wuya, yana hana ta rawa yadda ya kamata, har ka ji sauti biyu suna karo da juna a saman firet na 12, na'urar saiti ma ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Makaɗa da yawa sukan ɗora laifin a kan tsirkiya ko wuyan jita, su sayi sabon saiti, abin bai tafi ba.

Hambaka yana da wata dabara ta daban. Layi ɗaya na ƙarafansa shida sukurori ne masu tsaga. Ka saukar da fikof ɗin gaba ɗaya sosai, sannan ka ɗago sukurorin nan da juyi ɗaya ko biyu. Kwayil ɗaya ya fi ɗaya jin tsirkiya ke nan, kauri ya ragu, kaifi ya fito. Da su ne kuma ake daidaita tsirkiyar da ta fi 'yan'uwanta ƙara, wadda galibi ita ce ta uku idan ba naɗaɗɗiya ba ce: nutsar da sukurunta rabin juyi. Ƙarafan fikof mai kwayil ɗaya irin na da kuwa, kada ka buga su kada ka tura su, domin wayar tana naɗe ne a jikinsu, motsi kaɗan ya tsinke ta.

Daga ƙarshe ka daidaita biyun. Tsirkiya ta fi lilo a wajen wuya, don haka fikof ɗin wuya yakan zauna ƙasa da na jaki kafin ƙararsu ta zo ɗaya. Saita na jaki tukuna, sannan ka riƙa sauya makunni kana saukar da na wuya har tsallen ƙara ya ɓace. Akwai iyaka: da ka wuce milimita 5, sauti yakan rame ya rasa jiki, kuma ƙugin wuta ya fi fitowa tunda dole ka ƙara amfilifaya. Idan ka kai nan bai isa ba, ka dawo wajen 3.5 ka shiga aikin waya.

Bolum da ke rage ƙara ba ya kashe kaifi

Hanya mafi sauƙi ta biyu ita ce barin bolum ɗin jita a 6 ko 7. Mutane suna gudun haka ne saboda sauti yana dushewa: juriyar bolum ta haɗu da kebul ta tace kaifin. Maganinsa kaya biyu ne ƙanana, kafasita mai lamba 102, wato nanofarad 1, da rizista 150k mai zanen ruwan ƙasa, kore, rawaya. Masu gyaran rediyo da talabijin a Babbar Kasuwa ko Tsohuwar Kasuwa suna da su, ko a tsohon allon rediyo ma za a ciro maka. Ka ce, "Malam, a auna mini da mita," domin zanen tsohuwar rizista yakan koɗe.

Murɗe ƙafafun biyun tare, gefe da gefe. Bolum yana da ƙafa uku: ɗaya an lanƙwasa ta an liƙa a bayansa, ita ce ta ƙasa, wato ta "earth", kada ka taɓa ta. Liƙa kayan naka tsakanin ta tsakiya da ɗaya ta gefen. Idan ka rage bolum ka ji sauti ya yi tsini da yawa, sauya kafasitar da 471 ko 681.

Game da liƙi: ƙarfen dalma mai wat 30 zuwa 40, da dalmar rediyo mai ƙaro a ciki. Ruwan batir ko man liƙin masu gyaran lagireto ba ya shiga jita, yana cin waya a hankali. Rufe jikin jita da tsumma mai kauri, ɗigon dalma ɗaya yana huda fenti. Ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka cire ko ɗaya. Kankare bayan bolum har ƙarfe ya yi haske kafin ka liƙa, kuma kada ƙarfen ya wuce daƙiƙa huɗu ko biyar a kai, zafi yana ƙona hanyar gawayin da ke ciki, bolum ya koma ƙarƙara. Liƙi mai kyau yana sheƙi, wanda ya yi dunƙule ya dushe sai an sake. Bindigar liƙi mai taransifoma kuma a nisanta ta da fikof, tana iya raunana maganaɗisu.

Idan kauri ne matsalar

Kafasita ɗaya a kan hanyar sauti tana tare bes ta bar sauran su wuce. Cire wayar sauti ta fikof daga makunnin zaɓi ko daga bolum, liƙa ƙafar kafasita ɗaya a wayar, ɗaya ƙafar a inda ka cire ta. Da bolum mai 500k da amfilifaya mai 1M, kafasita 472 tana fara yanka daga wajen haz 100, wato girgiza 100 a daƙiƙa, zuwa ƙasa, 222 kuma daga wajen haz 200. Tsirkiya mafi kauri a sake tana kan haz 82, ka ga 472 sassabe kaɗan take yi, 222 kuwa yanka ce ta sosai, irin wadda kamfanin G&L ke sa wa maɓallin rage bes na jitocinsa. Fara da 472. Wannan gyara ya fi amfani ga fikof ɗin wuya, kuma yana rage fashewa fiye da yadda ake zato, domin bes ne ke fara cika bakin amfilifaya.

Ka karanta lambar da kyau. 223 da 473 na maɓallin ton ne, sun ninka waɗancan sau goma, in ka sa su a nan da ƙyar za ka ji bambanci. Kada ka yanke shawara da liƙi: haɗa da 'yan wayoyi masu bakin kada, ka bar murfin baya a buɗe, ka gwada biyu ko uku, wadda ta yi ita za ka liƙa ka rufe da salatif ɗin wuta.

Duba kuma lambar da ke bayan bolum. Idan hambaka ne aka haɗa da 250k, sauya shi da 500k zai buɗe sautin. Ka nemi mai harafin A, shi ne ke hawa daidai da yadda kunne ke ji.

Idan tsini ne

Akasin haka za ka yi. Fikof ɗin siramik mai araha a kusa da jaki yakan yi tsini. Rizista 470k, rawaya, shunayya, rawaya, daga ƙafar da sauti ke shiga bolum zuwa bayan bolum, tana mayar da 500k kusan 240k. Tsinin zai kwanta, ƙarar kuwa ba za ta ragu sosai ba, kada ka sa rai da haka. In fikof ɗin jaki kaɗai kake son ta shafa, liƙa ta a ƙafarsa ta kan makunnin zaɓi zuwa ƙasa. Tsirkiyun nikel zalla ma sun fi na ƙarfe laushi da ƙarancin ƙara, idan lokacin sauyawa ya yi.

Haɗa kwayil biyu gefe da gefe

A ganinmu wannan ne gyaran da ya fi kowane biyan wahalarsa ga hambaka mai 13k zuwa sama, kuma ba ya cin komai sai dalma. Duk wanda ya taɓa haɗa batiran sola ya san shi: a jere ƙarfi ya ninku, gefe da gefe ya tsaya na guda ɗaya. Hambaka yana zuwa ne a jere. Ka mayar da shi gefe da gefe, mai 16k ya koma 4k, ƙara ta sauka sosai, kaifi ya dawo, kuma har yanzu yana kashe ƙugin wuta. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga mai kiɗa da janareta a bayan rumfa da fitilu a saman kai.

Sharaɗin shi ne fikof ya kasance mai waya huɗu da tsirara ɗaya. Bi kebul ɗinsa cikin ramin baya. Za ka ga waya ɗaya ta tafi makunni, ita ce ta sauti, ɗaya da tsirarar sun tafi ƙasa, biyu kuma an liƙe su da juna an naɗe da salatif. Raba biyun nan. A Seymour Duncan, baƙa ce ta sauti, koriya ta ƙasa, ja da fara ne a haɗe: sai ka kai ja wurin baƙa, fara wurin koriya. A DiMarzio, ja ce ta sauti, koriya ta ƙasa, baƙa da fara a haɗe: fara ta bi ja, baƙa ta bi koriya.

Fikof marar suna ba ya bin launin kowa, don haka mita ce za ta faɗa maka. Bayan ka raba biyun, cire wayar sauti daga makunni, ɗora tsinken mita a kanta, ɗaya tsinken ka taɓa kowace cikin biyun. Wadda ta nuna lamba, rabin jimlar fikof ɗin, kwayil ɗinsu ɗaya da wayar sauti, ita za ta tafi ƙasa. Ɗayar ta haɗu da wayar sauti. In ka juya su, kowane kwayil ya haɗe da kansa, jita ta yi shiru ɗif. Ba abin da ya ƙone, sauya su kawai. Bayan ka gama, aunawa a bakin fulogi ya kamata ta ba ka kashi ɗaya cikin huɗu na lambar farko.

Mai son ya riƙe zafin domin lokacin da zai yi kiɗa shi kaɗai, ya sa ƙaramin makunni mai ƙafa shida, ko bolum mai makunni da ake ja sama. Wayoyin nan biyu su hau ƙafafun tsakiya, kowace a layinta. Ƙafafu biyu na gefe ɗaya a haɗe su da guntuwar waya, wannan shi ne a jere. A ɗaya gefen, ƙafar da ke layin wayar da ya kamata ta je ƙasa a kai ta ƙasa, ɗayar a kai ta wurin wayar sauti.

Akwai masu kashe kwayil ɗaya gaba ɗaya ta hanyar kai mahaɗar biyun ƙasa. Yana rage ƙara, amma ƙugi ya dawo, kuma a fikof mai araha sautin yakan rame. In za ka yi, sa rizista 2.2k ko 4.7k tsakanin mahaɗar da ƙasa, domin kwayil na biyu ya bar ɗan jiki. Fikof mai waya biyu kacal kuwa, mahaɗarsa tana ɓoye ƙarƙashin salatif ɗin da ya zagaye kwayil, kusa da waya mai sirantar gashi. Wanda bai taɓa buɗewa ba ya tsaya a kan kafasita da saukarwa.

Kuwwa

Ƙwanƙwasa fikof da bayan farce, amfilifaya tana kunne. Ɗan ƙwas ba komai, amma idan ya amsa kamar makirufo, wani abu yana rawa a ciki, kuma zafin fikof yana ƙara tona shi. Fara da waje: sifirin da ya saki, murfin ƙarfe da ke motsi. Cusa guntun soson katifa a ƙarƙashin fikof, ko ka sauya sifirin da guntun siririn tiyo na roba. Sau da yawa nan ta tsaya.

In ba ta tsaya ba, kakin da ke riƙe wayar ne babu, ko ya tsiyaye. Jitar da ake bari a but ɗin mota da rana a garin nan tana iya kai wa ga haka, ban da abin da zafin ke yi wa wuya da gam. Ana sake jiƙa fikof a kaki: kashi 80 na farin kyandir, kashi 20 na kakin zuma, a narke a gwangwani da ke zaune cikin tukunyar ruwan zafi, ba a kan wuta kai tsaye ba, domin kaki yana kamawa da wuta. Zafin ya tsaya wajen digiri 65, da ma'auni a ciki, in ya haura robar fikof ta lanƙwashe. Sauke tukunyar daga wuta, rataya fikof da wayarsa kada ya taɓa gindin gwangwani, minti 10 zuwa 20 har kumfa ta daina fitowa, ciro, goge, bar shi ya huce da kansa.

Ƙugin da ke raguwa idan ka taɓa tsirkiya, ko ƙarƙarar bolum bayan hunturu, ba zafin fikof ba ne. Na farko galibi batun rufe cikin ramin ne da takardar ƙarfe mai tare ƙugi, na biyu ƙura ce, feshin wanke bolum ke fitar da ita. Idan kuwa tsirkiya ko makirufo na jan ka da wuta, ajiye jitar a nemi mai gyaran wuta ya duba amfilifaya da janareta. Kada ka buɗe amfilifaya da kanka, irin mai kwalaben gilashi a ciki tana riƙe ɗaruruwan bolt ko bayan an zare ta. Garin ƙarfe da ke manne wa fikof kuma da salatif ake ɗebe shi, kuma soson ƙarfe kada ya kusanci jita.

Sauya maganaɗisu

Wannan na wanda hannunsa ya faɗa ne. Hambaka yana da sandar maganaɗisu ɗaya kwance a ƙarƙashin kwayil biyun. Cire ta siramik a sa ta nau'in maganaɗisun da ake kira alniko 2 ko alniko 5 yana rage ƙarfi ya tausasa bugu, 2 ya fi laushi. Ana samun ta a mataccen fikof wurin masu gyaran kayan kiɗa, ko a yi odarta. Girman da aka saba kusan milimita 63 ne a tsawo, 12.5 a faɗi, 3 a kauri. Wasu na siramik sun fi haka kauri, in ka sa siririya sai ka cike gibin da guntun kwali mai tauri don kada ta yi rawa.

Kafin ka zare tsohuwar, kawo kamfas irin na duba alƙibla kusa da gefen sukurori, ka rubuta kan allurar da ya juyo. Ɗaga salatif ɗin gefen da babu wayoyi, sassauta ƙananan sukurori huɗu na farantin ƙasa ba tare da ka cire su ba, tura sandar ta fito da tsinken katako. In kaki ya riƙe ta, ɗan hura mata iskar busar da gashi. Zura sabuwar, ka sake gwada kamfas kafin ka ɗaure. In ta shiga a juye, fikof ɗin shi kaɗai zai yi sauti lafiya, amma da ka haɗa shi da ɗan'uwansa a tsakiyar makunni sai sauti ya rame ya koma ta hanci. Zaro ta, juya ta yadda dogon gefen da ke kallon sukurori zai koma ɗaya ɓangaren.

Abu biyu da ake ba da shawararsu ba mu yarda da su ba. Warware naɗin waya domin rage ƙarfi yana aiki a hannun mai naɗa fikof, amma a kan kwayil mai kaki wayar tana tsinkewa a tsakiya, kuma ba a mayar da abin da aka warware. Gasa maganaɗisu ko goga masa na lasifika domin a raunana shi kuma ba shi da ma'auni: wani gefe ya mutu wani ya rage, tsirkiya biyu su yi ƙara huɗu su yi shiru. Idan mita ta nuna kwayil ɗaya a buɗe, ko lambar tana tsalle idan ka motsa kebul ɗin fikof daga gindinsa, wannan ya wuce rage zafi. Nemi na gwanjo mai 7k zuwa 9k, ka auna shi a gaban mai sayarwa, ka taɓa ƙarafansa da sukundireba ka ji yana ja, kuma ka gwada tazarar ƙarafansa da tsirkiyun jitarka kafin ka biya.